Ranar Buɗe Buhunan Malam Idi

Har yanzu ban manta da ranar da muka buɗe buhunan wake a Barkiya ba. Ku da kuka shigo aikin malamin gona kwanan nan, ku saurara, don ni ma da zafin kai irin naku na fara.

Lokacin ina mataki na takwas a aikin gwamnati, an ba ni ƙauyukan yankin Kurfi. Da kaka ta yi, shugaban sashenmu ya kawo mana wani sabon buhu na adana wake, leda biyu masu kauri a ciki, buhu na uku a waje. Hikimar ba ta da wuya. Ƙwaro numfashi yake yi kamar ni da kai, ta wasu 'yan ƙofofi a gefen jikinsa. In ka matse iska ka ɗaure kowace leda daban, shi da 'ya'yansa za su shanye 'yar iskar da ta rage, su mutu. Babu maganin feshi, babu ƙwayar nan mai wari da ake jefawa a buhu har ta sa yara amai.

Da na yi wannan bayani a Barkiya, dariya aka yi mini. Wani dattijo ya ce, "Malam, halan kai ka taɓa ganin hancin ƙwaro?" Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Mutum ɗaya ne ya yarda, Malam Idi, mai shiru-shiru. Ya ba ni wakensa na shekarar kaf, buhu shida, ciki har da irin da zai shuka da damina. Muka shanya, muka zuba, na ɗaure da hannuna. Na ce masa sau uku, "Kada a kwance bakin nan sai na zo." Ya ce to.

Wata biyar ban samu natsuwa ba. Kowane mako sai na hau babur na bi hanyar dajin nan, na leƙa ɗakin ajiya na taɓa ƙullin. Ƙulli yana nan yadda na bar shi, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Matata har tsokanata take yi, wai ko waken nan ne ya haife ni.

A tsarin aikin, ana buɗe buhu ne a gaban jama'a, don gani ya kori ji. Muka sa wata Alhamis cikin bazara. Shugaban sashe ya zo da kansa. Aka shimfiɗa tabarmi, mai unguwa ya zauna, mata suna leƙe ta katanga. Yayan Malam Idi ma ya zo, Alhaji Bala, ɗan kasuwar hatsi a Dutsin-Ma, aka ba shi kujera.

Buhu na farko, wake fes, kamar jiya aka sussuke shi. Na biyu haka, na uku haka. Na fara ɗaga murya ina neman dattijon nan mai maganar hanci. Sai na kwance na huɗu. Kafin in sa hannu, wari ya buge ni. Na ɗebo, sai gari da ɓawo, ƙwari baƙi ƙirin suna bin yatsuna. Na biyar da na shida duk haka. Rabin waken mutum ya tafi, kuma irin shukarsa yana cikin na shida.

Shugaban sashe ya matso ya ce a hankali, "Malam Lawal, kai ka ɗaure?" Na ce ni ne. Na zazzage buhun, na zaro ledar na ɗaga ta saitin rana ina jujjuyawa. Can kusa da tsakiya sai ga haske ya ratso ta wata 'yar huda mai tsabta, ta ratsa leda biyun a wuri ɗaya. Ɓera ba ya yin irin wannan aiki. Sauran biyun ma kowanne da tasa.

Nan fushi ya kwashe ni. Na ɗaga ledar sama na ce, "Wa ya soki buhun nan?" Malam Idi ya sunkuyar da kai. Sai Alhaji Bala ya gyara zama ya ce, "Ni ne, Malam. Na zo gaishe su bayan Sallah, na shiga ɗakin, ƙarfena na aljihu. Ukun da ke bakin ƙofa na soka, in ga ƙwayar. Mu haka muka gada, buhu ba shi wuce mu ba mu soka ba. Na ma yaba waken."

Ƙarfen da yake nufi shi ne mai tsinin nan da 'yan hatsi ke cusa wa buhu, 'yan ƙwayoyi su gangaro tafin hannu. A buhun da aka saba, hudar kan rufe da kanta. Na san ƙarfen nan tun ina yaro, ina ganinsa kowace ranar kasuwa, amma ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

Na juya ga Malam Idi na ce, "Kana wurin?" Ya ce, "Ina wurin. Yayana ne, mi zan ce mashi? Kuma kai ce mani ka yi kada a kwance baki. Ba mu kwance ba."

Kunya ta rufe ni, don gaskiya ya faɗa. Ya riƙe amanata daidai yadda na ba shi, ni ne na ba shi ita a gurguje. Damina ta sauka, Malam Idi ya shuka irin da ba nasa ba, wanda Alhaji ya kawo masa daga kasuwa, kuma bai taɓa yi mini gori ba.

Abin da na koya ke nan. Sanin yadda ƙwaro ke numfashi shi ne ɓangare mai sauƙi na aikinmu. Kafin ka kai sabon abu gidan manomi, zauna ka tambayi wa ke shiga ɗakin, me hannunsa ya saba yi, kuma wane ne mai gidan ba zai iya hanawa ba. Ni ban tambaya ba, Malam Idi ne ya biya da buhu uku.