Mai Jan Ƙyalle a Bakin Tabki

Dogo ne, sanye da gajeren wando da takalman da ba su saba da taɓo ba. A wuyansa akwai wani ɗan agogo mai allura mai nuna arewa, a hannunsa taswira. Yana ɗaura jan ƙyalle a jikin tsamiyar da ke iyakar garkar Baba Kanta, a bakin tabkin Madarumfa.

Tsohon ya ajiye gugarsa. "Samari, wane iska ka yi wa alkawari a itacen nan?"

"Wasa ne, Baba. Ƙungiyarmu ta malaman lakwal, wato makarantar boko, za ta zo daga Maraɗi ran Lahadi. Kowa da taswirarsa, wanda ya riga gano ƙyallayen ya ci."

"Manyan mutane da gudu, ba wanda ya koro su?"

Baƙon yana dariya, dariyar ta cika tsawo. Wataƙila malamin ne da gaske, birni ya gundure shi. Amma idonsa ba ya kan itatuwa, yana kan albasa, leɓensa na motsi yana ƙirga rijiyoyi.

Baba Kanta bai koma ban ruwa ba. Ni maƙwabcinsa, na san abin da yake tunawa: garkar wansa ma da aka ƙwace, da taswira aka fara.