Direban Bas Mai Lamba Tara

Burul ta yi shekara talatin da ɗaya a tashar motocin bas masu bin wayar lantarki a birnin Bishkek, tana faɗa wa kowane direba hanyar da zai bi da lokacin da zai tashi. Ko da ta yi ritaya halin bai sake ta ba. In ka ce mata za ka kasuwa, sai ta jero maka hanyoyi, har da wadda za ka yi da-na-sanin bi.

Wasan kuwa a wajen ɗanta Kubat ta tsinto shi. Gardi ne da gemunsa, amma in ya dawo daga aiki sai ya zauna gaban kwamfuta yana wasan nan na manya, wanda labari ke tsayawa ya tambaye ka ko za ka yafe, ko ka kashe, ko ka gudu. Burul ta zo da niyyar yi masa faɗa, sai ta ɓige da leƙe ta bayansa. Ta tambaye shi me zai faru da ya zaɓi ɗayan. Ya ce bai sani ba. Kwana biyu abin na cin ta a rai. Daga ƙarshe ta yanke hukunci cewa marubucin wasan rago ne, don ita ba ta ga yadda zaɓi uku kacal zai ishi ɗan Adam ba.

Sai ta sayi littafi mai kauri ta fara rubuta nata. Garin dai Bishkek ne, sai dai aljanu na sayar da busasshen cuku a kasuwa, akwai kuma bas mai lamba tara da ke jigilar matattu. Duk Lahadi bayan azahar maƙwabta kan hallara a teburin kicin ɗinta, kowa ya zama mutum guda a labarin. Ita za ta faɗi abin da ke gabansu, su faɗi abin da za su yi, a jefa ɗan ludo a ga ko sun dace. Esen mai kantin magani ya sha rantsuwa zai ɓullo mata ta inda ba ta shirya ba, amma duk wautar da ya zo da ita sai ta buɗe shafi ta nuna masa ita a rubuce.

Mutum ɗaya ce ta gagare ta, wato Saikal, matar Kubat. Shekara biyu yarinyar nan na gidan, tana zuwa aikinta na jinya ta dawo ta zuba wa kowa shayi, kuma duk abin da aka tambaye ta amsar ɗaya ce: yadda Apa ta ce. Apa, wato Mama, haka take kiran Burul. Burul ba ta san ko tana jin daɗin gidan ko haƙuri take yi ba, kuma rashin sanin nan yana damun ta ƙwarai. So take ko sau ɗaya ta ji abin da yarinyar ke so da bakinta.

Wata Lahadi mutum ɗaya bai zo ba, sai Burul ta ja kujera ta ce Saikal ta zauna ta cike gurbin. Ranar nan labarin ya kai su cikin bas mai lamba tara, ƙofofi suka rufe. Dokar ita ce direban ba zai tsaya ba sai wanda ya tsinci katinsa ya kira sunansa da ƙarfi. Ɗan ludo ya ba Saikal katin, Burul ta tura mata 'yar takarda.

Saikal ta duba, ta sunkuyar da kai, kunnuwanta suka yi ja. Sai a lokacin Burul ta tuna abin da ta rubuta watanni baya ba tare da tunani ba. Toktosun ta rubuta, sunan mijinta marigayi, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tuƙa bas. Matar ɗa kuwa ba ta kama sunan uban mijinta, yana raye ko yana kabari.

Esen ya leƙa takardar ya tuntsire da dariya.

"Burul-eje, yayarmu, ke da ba a taɓa kamawa ba! Kin kulle yarinya a mota kin jefar da makulli."

Ya ce a bar shi ya kira sunan a madadinta. Burul ta buɗe baki za ta yarda, sai ta fasa. Tana so ta ga yadda za a yi.

Saikal ta tashi, ta zuba shayi rabin kwano kamar yadda ake zuba wa babba, ta miƙa wa Burul da hannun dama, tunda ita ce bakin direban. Ta kira direban Ata, wato Baba.

"Ata, ka daɗe kana tuƙi. Ka sha shayi."

Babu wannan a littafin. Burul ta karɓa, ta yi kaurin murya irin na Toktosun, ta tambaye ta me take so.

"Ata, an ba ni aiki a wani asibiti can nesa a garin Karakol. Wata uku ke nan takardar na cikin jakata. Ina so in je, ɗanka ma yana so. Amma in muka tafi, Apa ita kaɗai za ta rage a gidan nan. Kai ka fi kowa saninta. Ta yaya zan faɗa mata?"

Kubat ya kafe ido a kan tebur. Esen ma ya daina tauna.

Burul ta ji zafin maganar har cikin ƙirjinta, ta kuma ji tsoron gidan in ya zama ba kowa. Ta san duk abin da ta sa a bakin direban nan yarinyar za ta bi, ko da cewa ya yi ta zauna. Sai dai ta san mijinta, kuma ba za ta yi masa ƙarya yana kabari ba.

"Tsohuwar nan za ta yi fushi kwana uku, ta ce bayanta na ciwo, ta ƙi cin abinci. Kada ki kula ta, 'yata. Ki tafi."

Sannan ta dawo da muryarta, ta ce bas ya tsaya, layin Esen ne. Esen ya jefa ɗan ludo a gabanta, ta daɗe tana kallonsa ba ta iya karanta lambar ba.