Takalman Fita na Mma Ikilima

Duk lokacin da lasifikar masallacin unguwarmu ta sanar da rasuwa, matan gidanmu sukan dakata da abin da suke yi su saurari suna. Idan mace ce ta rasu, Mma Ikilima takan yi salati kamar kowa, sannan idonta ya kai kan wata ƙusa da ke bayan ƙofarta. Baƙar leda ce rataye a jikin ƙusar, takalmanta na fita suna ciki. Kallon ba ya daɗewa. Ban taɓa jin wani ya lura da shi ba.

Gidanmu a unguwar Nima yake, gidan haya mai ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. Tagar ɗakinmu tana kallon ƙofarta, kuma a bakin tagar nan na yi karatuna tun daga sakandare har na gama jami'a. Ni ba mai yawan magana ba ce. Abin da na sani game da ita, yawancinsa ta tagar na san shi.

A Nima aka haife ta. Mahaifinta ɗan sanda ne tun zamanin Turawa, daga arewa aka kawo shi, bai koma ba. Mahaifiyarta ce mai wanke gawar mata a wannan yanki, a wurinta ta koya tun tana riƙe mata buta. Da ta girma ta yi aure, ta haifi biyu, ta yi shekaru tana sayar da koko da ƙosai a bakin babban titi. Mijin ya rasu. 'Yarta tana aure a Kumasi, takan aiko da abin da ya samu. Ɗan kuwa, Razak, mai ɗaurin rodi ne a wurin gini, har ranar da ya faɗo daga bene. Shekaru sun haura goma yanzu. Yana kwance a kan katifa a ɗakin, ɓarin jikinsa ɗaya ba ya motsi, magana ta tafi sai wani sauti daga maƙogwaro. Farfaɗiya takan zo masa ba sallama, kuma ko ruwa ne yakan ƙware da shi. Ba a barinsa shi kaɗai, ko na zuwa shago ne.

Da farko an yi ta zuwa. Abokan aikinsa sun zo, 'yan masallaci sun zo, mata sukan ce ta je ta watsa ruwa za su zauna. A hankali ƙafa ta ɗauke. Ba wanda ya yi mata mugunta. Kowa yana da kasuwarsa da yaransa. Ta bar koko da ƙosai, ta koma sayar da ƙanƙara a bakin ƙofa, daga wata firiza da gwamnati ta ba Razak cikin tallafin masu naƙasa. Firizar tana cikin ɗakin tare da su, dab da kansa, tana gurnaninta.

Abu ɗaya ne yake fitar da ita daga gidan. Idan mace ta rasu, a Nima ne ko a unguwannin kusa, Maamobi ko Kotobabi, sai a aiko mata. Kuma ba a aiko ɗan aike shi kaɗai, tare yake zuwa da mai zama. Gawa ba ta jira, saboda haka ranar ba a rasa mutum: ko surukar gidan rasuwa, ko wata maƙwabciya da ta rufe teburinta. Mma Ikilima takan nuna wa mai zaman yadda za ta juya masa kai idan ciwon ya tashi, da yadda za ta ba shi ruwa da ƙaramin cokali. Sai ta sauko da ledar, ta sa takalman, ta ɗauki jakarta mai kafur da busasshen ganyen magarya, ta fita. A gida silifas take jan ƙafa da su. A cikin takalman nan tafiyarta daban ce.

Na daɗe ina ganin kamar dawowarta tana ɗaukar lokaci fiye da aikin. Akan fita da gawa, mazan su je maƙabarta su dawo, ita ba ta iso ba. Wata rana ina dawowa daga makaranta a cikin trotro, ƙaramar bas ɗin haya, cunkoso ya tsayar da mu, sai na hango ta. Tana zaune a kan benci kusa da wani mai facin taya, jakar a cinyarta, robar burkina a hannunta, wato furar nan mai nono da ake sayarwa da sanyi. Ba hira take yi da kowa ba. Motoci take kallo, da kwandastoci suna kiran sunayen tashoshi. Ta cire takalmi ɗaya ta ɗora ƙafar a kansa. Na sunkuyar da kaina har muka wuce.

Bara ne Anti Sahadatu ta zama shugabar ƙungiyar matan masallacinmu. Tana da shagon atamfa a Zongo Lane, mace ce mai zafin nama da son alheri, ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. Ta ce abin kunya ne unguwa guda ta dogara da tsohuwa ɗaya mai jinya a gida. Ta tara mata matasa, ta samo malama ta koya musu wankan gawa, ta sayi bokitai da safar hannu. Da suka kammala, suka zo gidanmu a ƙungiyance da sabulu da madara da turmin zane.

“Mma, kin yi naki,” in ji Anti Sahadatu. “Yanzu ki huta. Ba mai sake taso ki.”

Mma Ikilima ta yi godiya, ta sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya. Ta ce su dai ƙware kafin nata ya zo, don ba ta son a cika mata hanci da kafur. Aka yi dariya. Da suka tafi ta ajiye kayan a kan firiza, ta koma ta juya Razak.

Daga nan ledar ba ta sake sauka ba. Lasifika tana sanarwa, tana salati, idon yana zuwa ƙusar, shi ke nan. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ƙorafi ba. Sai dai ta fara jinkirin amsa gaisuwa. Ka ce mata ina kwana, sai ka kusa ƙofar gida ka ji amsar a bayanka. Takan kafa bokiti a famfo ta tsaya a kansa har ya cika ya yi ta zuba a kan ƙafarta. Mahaifiyata ta ce tsufa ne.

A jami'a an koya mana cewa a wasu ƙasashe gwamnati tana biyan wanda zai zo ya karɓi mai jinya na wuni ɗaya ko na mako, don ya samu ya numfasa. Na rubuta wannan a jarrabawa, na ci. Don haka wata Litinin na shirya na tafi ofishin jin daɗin jama'a in tambaya. Matar da na samu ta saurare ni da kyau. Ta ce abin da ta san suna bayarwa kayan sana'a ne da keken guragu, wani lokaci kuɗin magani. Kuma Razak ya riga ya samu firiza. Na ce ba kaya nake nufi ba, mutum nake nufi, wanda zai zauna. Ta ce babu wannan a hannunta, ita kanta tata uwar tana kwance a gida, ƙanwarta ce ta bar makaranta take zaune da ita. Ta ba ni lambar wani kamfani mai turo masu jinya gida. Na kira su daga bakin titi. Kuɗin wuni ɗaya ya fi abin da ƙanƙara take kawowa a mako biyu.

Da na faɗa wa Mma Ikilima, tana ƙulla ruwa a leda, ba ta ɗago ba. Ta ce ai firizar tana aiki, a gode wa Allah. Na tattara ƙarfin halina na ce ranar Asabar ba na zuwa ko'ina, zan iya zama da Razak ta fita.

“In je ina?”

“Ko'ina, Mma.”

“In an gan ni a titi aka ce Mma ina zuwa, in ce me? In ce na bar shi kwance na fito shan iska?”

A lokacin na gane cewa ba mai zama kaɗai rasuwa take kawo mata ba. Tana kawo mata dalilin da ba wanda zai tambaya.

Na je shagon Anti Sahadatu. Na daɗe ina taɓa atamfofin da ba zan saya ba kafin na ce ina ganin Mma za ta so a riƙa kiranta. Ta dube ni ta saman tabarau.

“Haba, 'yar jami'a. Tsohuwa mai jinya za mu sake ɗora wa aiki? Me za a ce da mu?”

Na so in faɗa mata zancen bencin da robar burkina. Sai na fasa. Na ga kamar zan kwance wa Mma Ikilima zane a kasuwa. Na ce dai tana kewar aikin. Anti Sahadatu ta ce yoo, ta ji, za ta duba.

Ta kuwa duba. Bayan azumi Hajiya Adisa ta rasu a Kotobabi, ƙawar Mma Ikilima tun suna yara, wadda ta sha faɗa a gaban 'ya'yanta cewa hannun Ikilima take so a jikinta. Da hantsi Anti Sahadatu ta kira wayata ta ce in shirya Mma, kuma in zauna da Razak tunda ni na kawo maganar.

Mma Ikilima ta ji sunan ƙawarta, ta yi salati, ta zauna a bakin katifa na ɗan lokaci. Sannan ta miƙe ta sauko da ledar. Fatar takalman ta bushe, sai da ta lanƙwasa su da hannu kafin ƙafa ta shiga. Ta nuna mini juyin kai da ƙaramin cokali, ta dama koko ta rufe, ta ce idan ya huce in ba shi. Ta ɗaura sabon zanen da ƙungiya ta kawo mata. A bakin ƙofa ta laluba gefen jakarta, na ji ƙarar 'yan tsabobi. Ta fita ba ta waiwayo ba.

Ban taɓa zama a ɗakin ni kaɗai da shi ba. Firiza tana gurnani, ta yi shiru, ta sake tashi. Razak bai dube ni ba, ƙofa yake kallo. Na zauna a kan kujerarta, wadda tsakiyarta ta lotsa daidai jikinta, ina sauraron numfashinsa, ina tsoron kada ya canza. Daga nan ba a ganin komai sai famfo da tagar ɗakinmu.

Na taɓa kwanon kokon, da sauran zafinsa, sai na ji sallamarta a tsakar gida.

Ta shigo ta ajiye jaka. Na tambaye ta ko an fasa ne. Ta ce a'a, an gama. Tasi ce take jiranta a bakin lungu, Anti Sahadatu ta turo. A gidan rasuwar an ajiye mata kujera a cikin ɗakin. Ita ta zuba ruwan farko, ita ta kitse gashin Adisa gida uku, sauran matasan suka yi, tana kallo. Ta ce sun iya, ba ta ga abin gyarawa ba. Da aka gama, tasin tana tsaye a ƙofa. A hanya ta ce wa direban ya sauke ta a babban titi za ta ƙarasa da ƙafa. Ya ce Hajiya Sahadatu ta biya har bakin gida, ta kuma ja masa kunne kada ya bari tsohuwa ta taka ƙasa. In ya sauke ta, shi da aikin shagonta na Zongo Lane sai dai kallo daga nesa.

“Sun girmama ni sosai,” in ji ta.

Na ce har yanzu ina nan, ba abin da zan yi, tana iya komawa wajen zaman gaisuwa ta dawo a hankali. Ta ce an riga an gan ta ta dawo. Ta dubi kwanon, ta tambaye ni ko ya sha. Na ce bai huce ba. Ta ce to in je, na gode, Allah ya ba ni miji mai haƙuri.

Na koma bakin tagarmu. Ta cire takalman, ta juya su ta duba ƙasansu. Babu abin gogewa, amma ta goge su da gefen tsumma, ta mayar cikin ledar, ta ƙulle, ta rataye a ƙusar. Sannan ta jawo kujera kusa da katifa, ta tallafi kan Razak, ta ɗebo kokon a ƙaramin cokali tana hura masa.