Saƙon da Aka Bar wa Ramlat

Murjanatu Zailani tafinta ce, kuma na san ta a inda mutum ba ya iya ɓoye hali, domin ɗaki ɗaya muke kwana a wani tsohon bene a unguwar Karama. Karatu ne ya kawo ta Dubai daga Fagge, karatun ya ƙare ita kuwa ta yi zamanta. Da yake ta iya Larabci da Turanci, sai ta zama bakin 'yan kasuwarmu. Ita ke raka Hajiya asibiti ta faɗa wa likita inda ke ciwo, ita ke tsayawa tsakanin Alhaji da masu loda masa kwantena idan rigima ta tashi. Hali ɗaya ne nata yake ba ni haushi: in ka ba ta saƙo sai ta kai shi yadda ka faɗa, ba ƙari ba ragi. Na taɓa cewa ta gaya wa maƙwabciyarmu ta rage hayaƙin turarenta kafin mu shaƙe, ta je ta faɗa har da kafin mu shaƙe.

Akwai irin shirin nan na talabijin da ake bin ma'aikatan ceto a cikin jirgi mai saukar ungulu, su ɗauko wanda ya yi hatsari a sahara ko a kan dutse su kai shi asibiti. Ni ina mutuwar son kallonsa, da farantin shinkafa a cinyata. Murjanatu kuwa ba ta kallo, wai ciwon mutane ba abin cin abinci da shi ba ne. Sai ga shi ita ɗin wani kamfani mai shirya irin wannan fim ya nema. Sun ɗauki wani majinyaci yana magana da harshen da ba su sani ba, wani ya ce musu Hausa ce, suna son a fassara domin a rubuta a ƙasan allo.

Ta tafi da hantsi, ta dawo bayan la'asar jikinta a sanyaye. Ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a bakin gado. Sun sa ta yi alkawarin ba za ta yi maganar abin da ta gani ba, amma ban bar ta ta sha ruwa ba sai da ta faɗa.

Dattijo ne, in ji ta, ya zame daga kan dutse a wajen dam ɗin Hatta. An dusashe fuskarsa don kada a gane shi, sai wani farin hazo a inda ido da baki suke, muryar tana fitowa daga cikinsa. An ɗaure shi a gadon ɗaukar majinyata, farfelar jirgi tana ta ruri, likita da mataimakiyarsa suna kansa. Shi kuwa ba da su yake ba. Ya juya kai wajen wani lungu kusa da ƙofa inda ba kowa, ya ce a matsa mata ta zauna. Abin da ya tayar wa Murjanatu da tsikar jiki shi ne, mataimakiyar likitan, wadda ko sannu ba ta sani ba da Hausa, sai ta janye gwiwarta ta matsa gefe. Sannan ya ce, a hankali kamar mai tsoron a ji shi, "Ramlat, ki yafe ni. Don Allah ki yafe ni."

Na ce mata zafin ciwo ne, kuma ma'aikaciyar ta matsa ne don ƙafarta ta gaji. Na ce an yi watanni da ɗaukar hoton nan, ta karɓi hakkinta ta manta. Ta dube ni ta ce, "Saratu, duk cikin jirgin nan ba wanda ya ji shi. Ni ce ta fara ji. In ya rasu, wasiyya ce, kuma a wuyana take."

Daga ranar na rasa abokiyar zama. Kamfanin ya ƙi faɗa mata sunan dattijon, ya ƙi faɗin ko ya rayu, wai doka ta hana. Sai ta shiga neman Ramlat da ƙafarta. Ba ofishin kago na masu tura kaya gida da ba ta leƙa ba, ba masaukin 'yan kasuwa da ba ta yi sallama ba. Ta samo Ramlat mai sayar da atamfa, ta samo Ramlat ɗaliba, duk ba wadda ta san wani dattijo da ya faɗi a Hatta. Ta rame. In jirgin ceto ya gifta ta saman Karama da rana tsaka, sai ta tsaya cak da ludayi a hannu har ƙarar ta ɓace. Ta ce ko na'urar sanyaya ɗaki ta kunna, a cikin gurnaninta take jin muryar. Na yi faɗa, na yi lallashi, har na ce zan nemi wani ɗakin. Gaskiya tsoro nake ji, don ni ma na fara kasa kunne.

Hajiya Wasila, mai dafa tuwo a gidanta tana sayar wa mutanenmu, ita ta warware. Murjanatu ta yi tambayarta kamar yadda ta saba, sai Hajiya ta ajiye mara. Ta ce ai Malam Abdulganiyyu ne mai kula da sito a Jebel Ali, abokan aikinsa suka ja shi yawon ƙarshen mako ya faɗi, kuma yana nan da ransa, sai ɗingishi. Ramlat matarsa ce. Ta yi jinya a Kano tana aiko masa ya zo, shi kuma yana cewa wata mai zuwa, wata mai zuwa, har aka binne ta bai gan ta ba. An fi shekara goma.

Na ce khalas, magana ta ƙare, ba a kai wa mamaci saƙo. Murjanatu ta ce to sai a mayar wa mai shi. Na bi ta don kada ta tafi ita kaɗai.

Mun same shi da yamma a ƙofar masaukin ma'aikata, zaune a kujerar roba, ya miƙe ƙafa ɗaya, sanda a gefensa. Ɗan siriri ne mai furfura. Da ya amsa sallama na ga Murjanatu ta dafa bango, don muryar ce, yau ga ta da fuska. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa ko ita wace ce da roƙon da ta ji ya yi a jirgin, kalma bayan kalma yadda ta saba. Na zaci zai ji kunya ko ya yi fushi. Ko kaɗan bai yi mamaki ba. Ya ce ya san Ramlat ta zo cikin jirgin, da shuɗin mayafinta, ya san ya roƙe ta, amma daga nan aka yi masa allura komai ya ɗauke. Tun da ya farfaɗo yake ƙoƙarin tuna abin da ya biyo baya, ya kasa, kuma ba wanda zai tambaya a ce bai haukace ba.

Ya sunkuyo. "'Yata, ke da kika saurara. Me ta ce?"

Na yi ta addu'a a zuci Allah ya sa yau ɗaya Murjanatu ta yi ƙari. Na ma taka mata ƙafa.

"Baba, ban ji muryarta ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Ƙarar jirgi kawai na ji." Ta ɗago ta dube shi. "Amma bayan kun roƙe ta kun yi shiru, kuna kallon wurin kamar ana yi muku magana. Kun jima haka. Sannan kuka ce, to, na gode."

Malam Abdulganiyyu ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa suna girgiza. Can ya ce ta sake faɗa masa, ta sake faɗa.