Mutumin Da Yake Sauko Da Ni Daga Bene

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Satumba, da hantsi, Allah Ya karɓi ran mijin yayata, wanda duk unguwa ta sani da Injiniya. Yaya ce ta kai masa ruwa shagonsa na bayan gida, ta tarar da shi zaune a kan benci, ya jingina kai da bango, sifana a kan cinyarsa. Ta yi masa magana sau biyu bai amsa ba, ba ta kawo komai a ranta ba, domin shekara talatin da huɗu ke nan tana yi masa magana sau biyu kafin ya amsa. Sai a na uku ta taɓa kafaɗarsa.

Mijin Yaya, yau kwana goma sha ɗaya da tafiyarka. Ban tsaya a sahun sallarka ba, ban raka ka makwancinka ba, ban je na zauna gaban yayata na ce mata ya haƙuri ba. Ina nan inda ka bar ni, a hawa na uku, matakala arba'in da shida tsakanina da titi. Masu zuwa gaisuwa kuwa sun fara cewa laifinka ne. Shi ya sa na ce a miƙo mini biro da takarda.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne ƙanin matarsa. Na yi shekara ashirin da biyu ina tafinta a kotu, baki ne sana'ata, har gida ba na ajiye shi. Shekara bakwai da suka wuce mota ta kife da ni. Likitoci suka ɗaure ƙashin bayana da ƙarfe, ƙafafuwa suka daina jin magana, aka hau da ni gida a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Benen gidanmu tsoho ne, matsattse, yana da lanƙwasa huɗu. Sau ɗaya maƙwabta huɗu suka gwada sauko da ni a hannu, ɗaya ya zame, na yi mako uku ko juyi ba na iyawa. Likita ya ce in aka sake, hannuwan ma sai na rasa su. Muka nemi gida a ƙasa, abin bai yiwu ba. Wata goma sha huɗu na yi tsakanin gado da taga, har na haddace tsagar da ke jikin rufin ɗakina.

Kowa ya zo duba ni sai ya yi mini wa'azin haƙuri, Allah Ya saka musu. Kai kuwa sai ka leƙo ka ce sannu, ka juya ka fita, in riƙa jin motsinka a matakala. Wata biyu cur kana haka, da tef ɗin awo a hannu, kana rubuta lambobi a bayan kwalin ashana. Har na kai ƙararka wurin Yaya, na ce mijinki ba ni yake zuwa dubawa ba, bene yake zuwa gaisarwa. Ta ce, "Rabu da shi, ni ma ban san abin da yake ƙullawa ba."

Da ma haka kake tun ina saurayi. Ranar ɗaurin aurena aka neme ka a yi hoto aka rasa, sai can aka same ka a bayan gida durƙushe kana gyara famfon da ke ɗiga. Wayarka ba ta wuce "To. To. Shi ke nan." A masaƙar da ka yi aiki sau biyu ana so a ba ka shugabancin sashe kana ƙi, wai kai ba za ka iya zaman taro ana juya magana ɗaya ba. Ranar da tukunyar gas ta kama wuta a madafar Yaya, mata suna salati, mu maza muna rige-rigen ƙofa, kai ka jiƙa bargo ka shiga, ka rufe kan tukunyar, ka dawo ka ƙarasa cin abincinka. Ni na sa maka Shiru-shiru, ban kuwa taɓa barinka ka huta ba. Wata rana a gaban mutane na ce, "Mijin Yaya, kalma nawa ka furta yau?" Ka dube ni ka ce, "Ga biyu." Aka yi ta dariya, aka bar ni da kunya.

A wata na goma sha biyu ka fara hawowa da ƙarafa. Dogayen da ka liƙa a jikin bango daga tsohuwar masaƙa suka fito. Injin na kwaɓa fulawa ne, daga wani gidan burodi da ya rufe. Kujerar ta tsohuwar mota ce, da bel ɗinta. Ka yi walda, ka huda bango, ka ja wayar ƙarfe daga sama har ƙasa, ka haɗa birkin hannu. Mutanen gida suna wucewa suna tambayarka me ake yi, kana cewa aiki. Da ka gama sai ka ɗora buhun yashi uku a kan kujerar ka yi ta hawa da sauka da su har kwana biyar. Na ce, "Haba Mijin Yaya, buhu uku? Wannan ai cin fuska ne." Ka ce ka ma rage rabi.

Ranar da ka sauko da ni ba zan manta da ita ba. Rana ta bugi fuskata, na ji warin hayaƙin mota da ƙurar titi, wallahi ya fi mini turare daɗi. Mai kantin ƙasa ya bar ciniki ya zo ya rungume ni. Na yi kuka kamar yaro, na juya in yi maka godiya, sai na hango ka kwance a matakala kana ɗaure noti. Na ƙwala maka kira, na jero addu'o'i iya tsawon numfashina. Ka ɗago kai ka ce, "Akwai ƙara a lanƙwasa ta biyu."

Abin da mutane ba su sani ba, kujerar ba ta tafiya ita kaɗai. A kowace lanƙwasa takan tsaya cak, sai ka ja wata liba, wani ɗan ƙarfen hannu a gefenta, ka tura ta da gwiwa, ka kara kunne a jikin ƙarfen har ka ji abin da kake son ji, sannan ka sake birki. Akwai kuma wata 'yar ƙusa mai kai wadda in babu ita injin ba ya tashi. Kullum kana gamawa ka zare ta ka jefa a aljihu, don kada yaran gidan su mayar da kujerar lilo. Kakan ce aikin bai ƙare ba, kana so wata rana in riƙa sauka da kaina. Shekara biyar da wani abu, kowace Laraba da kowace Juma'a, ƙarfe goma ka iso. Kai da a da kakan hau babur ka ɓace kwana biyu ba wanda ya san inda ka nufa, ka dawo fuska a sake, tun da ka kafa kujerar nan ba ka sake kwana a wani gari ba. Sai yanzu na lura cewa da ka kwance ni, kanka ka ɗaure a jikin benena. Ko sau ɗaya ba ka nuna mini ba.

Ba zan ɓoye halinka don ka rasu ba, ka fi ƙarfin a yi maka ƙarya. Ba ka son bayani. In mutum ya ce ka nuna masa yadda ake abu, kafin ya rufe baki ka karɓe abin daga hannunsa ka yi da kanka. 'Ya'yanka uku ba wanda ya gaji sifana, ba don ba su so ba. Ciwo ma haka kake yi masa, ka ɗauke shi kamar inji, ka yi ta saurarensa kai kaɗai.

Ranar Talatar nan, da labari ya iso, na ce da mai ɗakina ta ciro mini farar riga. Babban ɗanka ya zo da ƙusar, a aljihun rigar da ka rasu a cikinta ya same ta. Aka kira mai gyaran wuta na layinmu. Suka ɗaura mini bel, suka sa ƙusa, inji ya tashi, na ce alhamdulillahi. Kujera ta sauka matakala goma sha biyu, ta tsaya a lanƙwasa ta farko. Suka ja liba, suka tura, suka jijjiga, ko gezau. Suka ce a koma sama, ta ƙi. Aka rasa gaba aka rasa baya, ga ni a rataye, fuskata tana kallon bango, ba abin da nake gani sai wata 'yar kafar shan iska da zanen yara da gawayi. Zufa ta jiƙa farar rigar sharkaf. Ina nan na ji kiran sallar azahar. Ɗanka ya dube ni, idonsa ya yi ja, na ce, "Tafi, ɗana, kada ka rasa sallar ubanka saboda ni." Ya sauka da gudu. Mai ɗakina ta zauna a matakala ta riƙe ƙafata tana kuka, da ban sunkuya na gani ba da ban san ta riƙe ba. A can ana binne ka, ni ina nan ina ƙirga huji a jikin ƙarfen da ka liƙa. Sai bayan la'asar maza shida suka kwance wayar suka ja ni sama da hannu.

Tun daga ranar an kawo mai walda, an kawo wani mai gyaran lif, na'urar hawa bene, daga cikin gari. Kowa ya duba sai ya girgiza kai ya ce wanda ya yi wannan ya san hannunsa, amma shi ba zai ɗora ɗan Adam a kan abin da bai gane ba. Daga nan magana ta tashi. Wannan ya ce rowar ilimi ce, wancan ya ce haka masu shiru suke, sai su tafi da saninsu kabari. Duk wannan na jure. Abin da ya karya ni shi ne Yaya, shekaranjiya a waya, muryarta a dishe ta ce, "Kullum ina ce masa ya koya wa wani, ya koya wa wani. Ga shi ya tafi ya bar mini kai a rataye. Ina so in yi masa addu'a, abin nan yana tsaya mini a wuya." Na ajiye wayar ban faɗa mata gaskiyar ba.

To ga ta yanzu. Ranar Lahadi, kwana biyu kafin rasuwarka, ka zo gidana. Ba ranarka ba ce. Ina da baƙi, tsofaffin abokan aikina na kotu, na kai tsakiyar wani labari da nake ji da shi. Ka tsaya a bakin ƙofa kana haki, ƙusar tana hannunka, ka dubi mai ɗakina ka ce, "Ki zo ki ga yadda ake yi." Har ta miƙe. Ni kuwa na tafa hannu na ce, "Ikon Allah! Jama'a, yau Shiru-shiru zai buɗe makaranta. Ritaya za ka yi ne, Mijin Yaya? Bar ta ta kawo wa baƙi ruwa, kai da kake nan kullum." Baƙi suka kwashe da dariya. Ka ce, "Yau ya fi." Na ce, "Zauna dai ka ji ƙarshen labari." Ka ce, "To." Ka mayar da ƙusar aljihu, na ji saukarka a hankali, kana tsayawa a hanya. Ni da na ci abinci da fassara abin da ke bakin mutane, ka zo mini da magana a fili na kasa jinta, domin ina jin daɗin tawa muryar.

Da 'ya'yanka suka buɗe akwatin kayan aikinka sun sami katin asibiti a ƙarƙashin filaya da sukurori. Ranar Alhamis kafin Lahadin nan ka je, kai kaɗai. Likita ya rubuta cewa zuciya ce, a kwantar da kai nan take, kada ka hau ko tudu. Suka kawo mini katin in karanta musu, na karanta, ban gaya musu zancen Lahadi ba. Mai ɗakina ma ba ta faɗa wa kowa ba, ta rufa mini asiri, sai dai tun ranar ba ma iya haɗa ido in an ambaci bene. Wallahi kunya da baƙin ciki suna cina, ban kuma isa in bar mutumin kirki ya ɗauki kayana yana kwance a ƙasa ba.

Ya Allah Ka jiƙan bawan nan naKa, Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sa kowace matakala da ya taka saboda ni ta zama nauyi a mizaninsa, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa uku da jikokinsa, da 'yan'uwansa, da tsofaffin abokan aikinsa na masaƙa, da duk gidan da ya taɓa shiga ya gyara musu wani abu ya fita ba su ankara ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Yaya, ke takaba ta zaunar da ke, ni bene ya zaunar da ni, ban san ranar da za mu ga juna ba. Na kasa faɗa miki a waya, shi ya sa na ce a karanta miki wannan a gaban 'ya'yanki. Ki cire abin nan daga wuyanki, ki yi wa mijinki addu'a da zuciya ɗaya. Ya zo, Yaya. Da ciwon da zai kashe shi ya hau har ƙofata don kada ya bar ni a haka, ni na mayar da shi. Allah Ya yi masa rahama, ni kuma ki yafe mini in za ki iya.