Muryar da Na Ɗauka a Waya Ba da Sanin Mai Ita Ba

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Lokacin da wannan abu ya faru ina aji uku a jami'a, ina karanta fannin kula da jin daɗin jama'a, wanda mu ɗalibai muke kira soshiyal wok. A unguwar Abbaganaram ta Maiduguri aka haife ni, amma iyayena Kanawa ne, Hausa muke yi a gida, Kanurina kuwa bai wuce na gaisuwa da cefane ba. Mahaifina dillali ne a Kasuwar Shanu. Tun ina ƙarama nake jin hirarsa kan yadda ake tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa, a faɗa wa wannan daban, a faɗa wa wancan daban, kowa ya tafi yana murna. Ina jin daga nan na ɗauko halina na rashin yarda da duk wanda ya tsaya tsakanin mutum biyu. A gida 'yar sanda suke ce mini, don ko cokali ne ya ɓata sai na gano hannun da ya taɓa shi ƙarshe, ni kuma har kaina ke fasuwa da sunan. Wannan halin ne ya sa na tona asirin wata baiwar Allah wadda ba ta mallaki komai ba sai rufin asirin nan.

A aji uku ake tura mu aikin gwaji na wata uku. Ni aka kai ni wata ƙaramar ƙungiya mai taimaka wa matan da rikici ya raba da garuruwansu. Shugabar da ke duba aikina, wadda muke kira Malama, ta ba ni mace ɗaya tak in riƙa bibiya. Tana zaune a Old Maiduguri ita da 'yarta mai shekara huɗu, a wani ɗaki da wani dattijo ya ba ta saboda Allah a gefen gidansa. Ɗinkin hula take yi, matan unguwa su kawo mata zare da ƙyalle ta yi musu aiki. Abin da kowa ya sani shi ne an kashe mijinta a ƙauye, ta gudo da marainiya. Aikina shi ne in je duk Talata, in yi mata tambayoyi, in cike fom, a ƙarshe in rubuta rahoton da za a ba ni maki a kansa. Da yake Hausarta kaɗan ce, sai aka haɗa ni da tafinta, wata dattijuwa mai tafiya a hankali cikin lafaya, wadda ta daɗe tana yi wa ƙungiyar aiki.

Tun zuwanmu na biyu na fara ƙullatar tafintar nan. Sai in tambayi matar labarin mahaifin yarinyar, ta sunkuyar da kai ta yi ta magana ƙasa-ƙasa har hawaye ya zubo, in gyara biro ina jira, sai tafinta ta ce wai ta ce Allah Ya yi masa rasuwa. Shi ke nan. Maganar da ta kai tsawon dafa shayi, a mayar mini da ita kalma biyar! A fom ɗin kuma akwai wani giɓi da ya tsaya mini a rai. Daga shekarar da aka ƙone ƙauyensu zuwa shekarar da ta shigo gari akwai shekara uku da ba a ce tana ko'ina ba. Da na tambaya, sai aka sake doguwar magana, aka ce mini wai sun sha wahala. Na kuma lura duk lokacin da aka zo nan sai tafinta ta waiga wajen zanar da ta raba ɗakin da tsakar gida, ta ɗaga murya ta shiga hirar tsadar zare. Wata rana har ta ɗora yatsa a kan takardata ta ce in bar layin nan haka tukuna. Idan za mu fita kuma sai ta ce in yi gaba, ta tsaya su yi ƙus-ƙus.

A cikin keke muna komawa na tuhume ta. Ta kalle ni ta yi murmushi, ta kira ni 'yarta, ta ce in bi a sannu, ba kowace magana ce ta dace da kowane ɗaki ba, ranarta za ta zo. Ni kuwa a kunnena wannan amsar dillalai ce, na san ta tun daga gida. Na shiga saƙa da warwara. Wata rana in ce matar 'yar uwarta ce, ta cusa ta cikin jerin masu karɓar taimako da labarin ƙarya. Wata rana in ce dattijon mai gida ne ke cutar da ita, tafinta ke rufa masa baya. Ban kai ƙara wurin Malama ba don na ga yadda suke cin abinci a kwano ɗaya, na yanke hukuncin bakinsu ɗaya ne. Kuma tunda na zo faɗin gaskiya bari in faɗe ta duka: ba tausayin matar kaɗai ke damuna ba. Abokan karatuna kowa fom ɗinsa cike yake taf, nawa kuwa duk ramuka, ni da ban saba zuwa ta biyu a aji ba.

Tun aji ɗaya aka koya mana cewa ba a ɗaukar muryar mutum sai da yardarsa, kuma abin da aka ji a ɗakin wanda ake taimaka wa a nan yake kwana. Na sa hannu a takardar alkawarin riƙe sirri ranar da na fara aikin. A jarrabawar wannan darasin ma ni na fi kowa maki. Duk da haka wata Talata, muna bakin ƙofa ina cire takalmi, na kunna wayata na jefa ta cikin jaka na bar zif ɗin a buɗe. Na ce wa kaina ai bincike nake yi don in ceci matar. Na yi tambayar shekaru ukun nan, na sake yi, na kuma yi. Ranar matar ta kama hannuna ta riƙe tana ta magana, yarinyar tana kwance a cinyarta tana wasa da zare. Tafinta ta amsa mata da Kanuri, sannan ta juyo ta ce mini wai tana gode mini da zuwa. A raina na ce, yau ƙaryarki ta ƙare.

Washegari na nemi wata 'yar ajinmu Bakanuriya, na ce ta fassara mini. Muna zaune a gindin bishiya ana ta hayaniya, ta ce ba ta ji sosai, in tura mata a waya ta saurara a gida. Na tura ba tare da na yi tunani na biyu ba. Kwana biyu ta same ni jikinta a sanyaye. Ta ce Kanurin matar na mutanen bakin tafki ne, akwai kalmomin da suka gagare ta, shi ne ta kunna wa goggonta don ta taimaka. Sannan ta faɗa mini abin da ke ciki. Mutanen daji masu bindiga ne suka tafi da matar ranar da suka ƙone ƙauyen, shekara uku tana hannunsu, a can ta haifi yarinyar, kuma uban ɗaya ne daga cikinsu. A cikin muryar tana roƙon tafinta ta faɗa mini, wai ta ga fuskata ta mai tausayi ce, ta gaji da ɗaukar abin ita kaɗai. Ita kuma tafinta tana ce mata ba a nan ba, akwai kunnuwa a bayan zana, ta yi haƙuri har ranar da za a kai ta ofis a rufe ƙofa. Ban gama dawowa hayyacina ba ta ƙara da cewa goggon ta gane muryar, don a Old Maiduguri take, kuma tana cikin masu kai mata ɗinkin hula.

Ta rantse mini ta roƙi goggon ta yi shiru. Na goge muryar daga wayata kamar hakan zai goge ta daga kunnen wani. Satin nan ban ci abincin kirki ba, addu'ata ɗaya Allah Ya sa maganar ta mutu a nan. Amma magana zarar bunu ce. Talatar da ta zagayo muna shiga layin na san ta fita. Matan da ke bakin famfo, waɗanda kullum suke tarbar mu da lale, suka yi tsit suna bin mu da ido. Yaran gidan suna wasa a tsakar gida, yarinyar kuwa tana tsaye ita kaɗai a bakin ƙofar ɗakinsu tana kallonsu. A cikin ɗakin babu hula ko ɗaya, duk an zo an karɓe. Ashe shi dattijon mai gida mutanen nan ne suka kashe masa babban ɗansa. Bai zage ta ba, an ce har kuka ya yi, amma ya ce ba zai iya kwana gida ɗaya da jininsu ba, ya ba ta kwana bakwai.

Abin da ya faru a ɗakin ranar shi ne ya fi komai ci mini rai. Matar ta ƙi amsa gaisuwar tafinta. Ta tattaro 'yar Hausar da take da ita don in ji da kunnena, ta ce mutum uku ne a ɗakin nan duk ranar da ta buɗe baki, kuma biyu ne kawai ke jin Kanuri. Ta nuna tafinta ta ce ita ce, ta yi mata Allah ya isa har sau uku. Sannan ta jawo hannuna ta ɗora a kan yarinyar, ta ce ni kam ba ruwana, ni 'yar kirki ce, Allah Ya ba ni sa'ar karatu. Tafinta ta ja lafayarta ta rufe fuska. Ni da bakina ba ya mutuwa a aji, ranar na neme shi na rasa. Na amsa da amin, na ɗauki jakata muka fito.

Ƙungiya ta dakatar da tafinta don a yi bincike. Kwana huɗu ina kallo ana zargin matar da ba ta da laifi, ina lissafin abin da zai same ni idan na yi magana. A rana ta biyar na kasa, na shiga ofishin Malama na faɗi komai. Ta sa aka kira tafinta, ta ce in maimaita a gabanta. Na durƙusa ina kuka na maimaita. Na zaci tafintar za ta zage ni, da ma ta yi da na ji sauƙi. Sai kawai ta tambaye ni me ya hana ni, da na ga ban yarda da ita ba, in ce a canza mini tafinta. Ta ce ita ta yafe nata, amma in tashi yanzu mu je in faɗa wa matar da bakina, Malama kuma ta ce a gaya mata an samo mata ɗaki a wata unguwa. Muka hau keke mu uku, ni da tafinta da Malama. Muka tarar da ɗakin a buɗe an share shi tas. Wata maƙwabciya ta ce tun shekaranjiya bayan asuba ta ga ta goya yarinyar ta fita da ƙullin kaya a ka, ba ta yi wa kowa sallama ba. Mun neme ta a tashoshin mota da sansanoni da wuraren masu sayen hula har muka gaji.

An soke mini aikin gwajin, na maimaita shi, na gama digiri shekara guda bayan 'yan ajinmu. Ban taɓa ganin an zalunce ni ba. Yanzu ina wannan aikin, kuma kusan kullum da tafinta nake shiga gidajen mutane. Na gane cewa wani lokacin gajeriyar fassara ba ƙarya ba ce, kariya ce, kuma layin da aka bari babu komai a fom ya fi wanda aka cike da abin da zai hana mutum wurin kwana. Na gane zato ba basira ba ne, ko da kuwa mai shi ya iya jera hujjoji. Duk abin da na gani da idona gaskiya ne, waige da ƙus-ƙus da yatsa a kan takarda, fassarar da na yi musu ce ta zuciyata.

Ina kira ga ƙannena masu wannan karatu, da ma'aikatan asibiti, da duk wanda aikinsa ke kai shi inda mutane ke buɗe masa cikinsu. Idan kun yi shakkar abokin aiki, ku tambaye shi, idan bai gamsar da ku ba ku kai gaba, ko da kuna ganin ba za a saurare ku ba. Kada ku ɗauki muryar kowa a ɓoye, kada ku tura wa kowa ko da wanda kuka fi yarda da shi ne, don shi ma yana da wanda ya yarda da shi. Idan kuma kun yi kuskure, ku faɗa a take tun mai haƙƙin yana gabanku. Ni na jinkirta kwana biyar. Saboda haka har yau, in tana raye, akwai wata mata a wani gari da take sa mini albarka, tana yi wa wadda ta rufa mata asiri Allah ya isa, kuma ba ni da hanyar da zan gaya mata ni ce.