Allura Biyu da Mama Ta Ɓoye

Gari bai gama wayewa ba muka bar Unguwar Boro, ni da yayata da Mama, a motar wani ɗan cocinmu. Abuja muka nufa. Yayata tana fama da ciwon dajin kaluluwa, wanda likitoci ke kira limfoma, kuma ranar ce za a ɗebi ƙwayoyin da ke haifar jini daga jikinta a adana, a mayar mata bayan an ba ta magani mai ƙarfi. Kwana huɗu kafin nan, wata nas maƙwabciyarmu ke zuwa yi mata allurar da ke koro ƙwayoyin daga ɓargo zuwa cikin jini. Rana ta biyar ita ce ta ɗibar, ba a ɗaga ta.

Daga Kakau hanya ta fara nuna halinta. Inda aka gyara sai ka ce tabarma, inda aka bari kuwa direba ya yi ta rawa da sitiyari, yayata tana cije leɓe a baya. Shinge uku muka tsaya, kowane mai bindiga sai ya leƙa ya ga mara lafiya da hular sanyi cikin zafi, amma bai fasa tambayar abin shan ruwa ba. A Tafa na sayi gasasshiyar masara da tsadar da ta sa na cinye har totuwa kusan. Mama ba ta ci ba, ba ta kuma yi ciniki ba, abin da ban taɓa gani ba.

A asibitin na ga na'urar: tana jan jini ta hannu ɗaya, ta tace ƙwayoyin, ta mayar da shi ta ɗaya hannun. Ba a ɗora yayata a kai ba. Gwajin farko ya nuna ƙwayoyin ba su isa ba. Likita ta tambaya ko an yi allurar duka.

Mama ta buɗe jaka ta fito da allura biyu, a naɗe cikin ɗankwali.

"Ƙasusuwanta ke ciwo, tana kuka. Na sallami nas ɗin, na ba ta maltina da madara da ganyen ugu. Ba jini kuke nema ba?"

Raina ya ɓaci. Ciwon ƙashin nan shi ne alamar allurar tana aiki! Yanzu sai an jira makonni a sake daga farko, ciwon dajin da aka samu ya lafa kuwa bai yi wa kowa alkawarin jira ba. Na ɗaga wa Mama murya a gaban mutane.

Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Kai da likita kun yi Turancinku kun gama. Wa ya faɗa mini?"

Gaskiya ce. An yi mini bayanin ciwon ƙashin tun farko, na gyaɗa kai, na tafi aikina a Kakuri, na bar mara lafiya da matar da ke kwana a gefenta ba ta san komai ba.

Muka juyo gida, muka shigo ta Sabon Tasha da la'asar. Har yanzu ina jin haushi, na asibitin da ba ya tambayar wa ke jinya a gida, da na kaina. Na koyi cewa mai riƙe da mara lafiya ita ake fara yi wa bayani, da harshen da take ji. Washegari na zaunar da Mama na faɗa mata komai da Hausa. Minti goma ya ɗauke ni.